Lalle a Ƙafar Risha

Ɗan ƙanwata ne ya tsokano wannan magana. Ranar wata Juma'a muna shan shayi a ƙofar shagon wani ɗan'uwa a unguwar Sharafiyya ta Jidda, sai ya ciro waya ya nuna wa abokansa hotona ina gudu da kare a cikin fili. Ya ce, "Shuf, ku duba, aikin kawuna Khali Haruna ke nan. Yawo da kare, halas, shi ke nan, a ba shi albashi." Suka fashe da dariya. Ban tanka ba a lokacin, don rabin Hausar da zan yi musu sai an juya musu ita da Larabci. To amma ku samari, tunda yawo kuke gani, bari in gaya muku abin da ke cikin yawon.

Sana'ata jan kare a gasar kyau. Ba tsere ba ne, ba farauta ba ce. Alƙali ne zai tsaya a tsakiyar fili, a kawo masa karnuka jinsi ɗaya, ya duba tsayuwarsu da tafiyarsu, ya buɗe baki ya ga haƙori, ya shafa baya, ya ɗaga ƙafa, sannan ya nuna wanda ya fi cika siffar jinsin. Yawancin waɗanda na ja suluƙi ne, karen farautar Larabawa, siriri mai dogayen ƙafafu, da gashi mai laushi a kunne da jela. Ni haifaffen Sudan ne, aikin dawaki ya kawo ni Jidda, daga barga na gangaro wajen karnuka. Mutanenmu sun yi surutu har sun gaji. Kayan aikina daban, kayan sallata daban, kuma ban taɓa shigar da kare gidana ba, wannan ya ishe ni amsa.

Abin da ba ku sani ba shi ne, ba rashin cin gasa ke tayar mana da hankali ba. Kowa yana faɗuwa, a sha ruwa a koma gida. Fitarwa ita ce abin tsoro, kuma iri biyu ce. Akwai sallama: alƙali ya ce ka fita da karenka yau, wata gasar ka dawo. Akwai kuma kora, wadda ake rubutawa da sunan karen. A dokar masu shirya gasar da muke shiga, kare ya ciji alƙali ko ya kai masa cizo, kora ce. A gano an yi masa aiki don ɓoye aibi, kora ce. A gano an sauya masa launin gashi, wannan ta fi kowacce muni, domin ha'inci ake kiranta: karen ba zai sake taka fili ba har ya mutu, wanda ya ja shi kuma a karɓe katinsa.

Wanda ya koya mini aikin Amm Sale ne, wato Baba Sale, jikan wasu alhazai da suka zo a ƙafa ba su koma ba. A Jidda aka haife shi, Hausarsa sai ta yi taku biyu ta faɗa Larabci. Aikin farko da ya ba ni, ya ɗaura siririyar igiya a wuyan galan na ruwa ya ce in yi ta zagaye da shi a tsakar istiraha, wato gidan gonar maigidansa, ba tare da igiyar ta yi tsauri ko ta yi lakwas ba. Ina gudu da galan, masu ban ruwan dabino suna riƙe ciki don dariya. Na ce, "Ya ammi, ina karen?" Ya ce, "Kare bai yi maka laifi ba tukuna. Yalla, sake." Na daɗe ina jan galan kafin ya yarda in taɓa wuyan dabba mai rai.

Wata safiya na iske shi sanye da ƙatuwar malfa, ya yi wanka da turaren matarsa, yana tafiya ƙwas-ƙwas da takalmin mata. Na ɗauka tsohon ya zautu. Ashe darasi ne. Ya ce karnukanmu sun tashi cikin maza masu farar jallabiya, alƙalan kuma sau da yawa Turawa ne, wasu mata, da hula da turare da wata irin murya. Suluƙi ba ya son baƙon hannu. Baƙuwa ta sunkuyo kansa ta kama masa leɓe, in bai saba ba sai ya ja da baya, a sallame shi, ko ya yi gurnani ya kai baki, a kore shi. Don haka kullum sai an samo wanda karen bai sani ba ya buɗe masa baki. Direba, mai kawo gas, mai gyaran famfo, babu wanda muka ƙyale. Har yau in na ga malfa sai na tuna tsohon nan.

Kayan aikin ba su da yawa, jaka ɗaya ce. Igiya siririya kamar zaren takalmi, buroshi mai taushi, mataji na kunne da jela, abin yanke farce, tawul mai ɗanshi, da busasshiyar hanta a aljihun hagu don jawo hankalin kare. Hantar nan ta sa matata Hajara ta hana ni rataye rigar aiki a ɗaki. Amma babban kayan aiki ido ne. Na taɓa jan wani namiji na wani ma'aikacin banki da ke zaune a unguwar Safa, kare ne lafiyayye, mun yi wata da watanni muna shiri. Ranar gasa maigidan ya sauke shi daga mota ya taka da shi a kan kwalta da tsakar rana. Daga mota zuwa ƙofa kawai. Muna shiga fili karen ya fara ɗaga ƙafar gaba, tafin ya ƙone. Alƙali ya bar mu muka yi rabin zagaye, ya ɗaga hannu ya nuna ƙofa. Mutumin ya bi ni yana faɗa wai ni na ja shi da ƙarfi. Tun daga ranar, kare ko na wane ne, a kafaɗa nake ɗauko shi daga mota.

Masu karnuka kuwa, kai! Akwai wanda ya kawo mini namiji mai ƙwayar maraina ɗaya ya ce ba za a lura ba. Na ce, "Ya shekh, hannu alƙali yake sawa, ba tambaya yake yi ba." Akwai wanda ya so likita ya daidaita wa karensa haƙori. Waɗannan duk masu sauƙi ne, ka ce a'a su yi fushi su tafi. Wanda ya fi wuya shi ne aibin da aka yi da ƙauna, kuma shi ya jawo mini muguwar shekarata.

A lokacin ina ƙarƙashin wani kafili, wato maigidan da ya tsaya mini a ƙasar, Abu Nayif, iƙamata, takardar izinin zama, a hannunsa take. Yana da karya suluƙi mai suna Risha. Launinta na madara ne, ƙafafunta farare tas. Tun tana 'yar kwikwiya nake renonta, ni na koya mata tsayuwa, ni na koya mata gudu da kai a sama. Ban taɓa jan dabba irinta ba, in tana tafiya ba ka jin saukar ƙafarta. Wannan ce babbar gasarta ta farko, kuma duk wanda ya gan ta ya san za ta yi nisa.

Saura 'yan kwanaki gasa, na iso istiraha da safe na tarar da mahaifin Abu Nayif zaune a kan darduma a ƙarƙashin dabino. Shayib muke ce masa, tsoho ne tukuf, mutumin sahara, ya yi farauta da suluƙi tun ba a haifi ɗansa ba. An sallamo shi daga asibiti ke nan, aka kawo shi ya sha iska. Risha tana kwance a gefensa, ƙafafunta huɗu a naɗe da tsumma. Kusa da shi ga kwano, ga ragowar kwaɓi kore a ciki. Ƙamshin kaɗai ya gaya mini. Wallahi lalle ne.

"Ya waladi, zo ka gani," in ji shi, yana murmushi da bakinsa marar haƙori. "Tun jiya da la'asar na ƙunsa mata. Amarya ba ta fita ba lalle."

Al'adarsu ce. Mafarautan sahara suna sa wa suluƙi lalle a ƙafa, yana ƙarfafa tafin ya hana shi tsagewa, kuma ado ne, girmamawa ce ga karen da ake ji da shi. Tsohon bai san wata doka ba, bai ma san akwai wanda zai kira wannan laifi ba. Ya kwance tsumman da hannunsa. Ƙafafun nan farare sun koma ja jawur har zuwa gwiwa. Na ce, "Masha Allah, ya ammi." Me zan ce?

Na wanke da sabulu, na wanke da lemon tsami, na shafa man zaitun na goge. Jan ya ɗan koma ruwan goro ya tsaya nan. Na kira Hajara a waya, don su mata sun fi mu sanin lalle. Ta ce, "Lallen da ya kwana, a kan farin gashi? Haba Malam. Ko a farce sai dai ya tsiro ya fita." Wani abokin aiki ya ce in shafe da farin alli. Ina! Alli a hannun alƙali yake zama, kuma wannan shi ne ha'inci na gaske, babu al'adar da za ka fake da ita. Wani ya ce man da mata ke kashe launin gashi da shi. Wannan kuma zai ƙona mata fata tsakanin yatsu, in shiga da gurguwa. Aski ma ba mafita ba ne, lallen ya kama har fata da farce.

Na je wajen sakataren masu shirya gasar na tambaye shi a fakaice. Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce, "Ya zol, mutumin Sudan, fili na alƙali ne. Wani ya san al'ada ce ya kawar da kai, wani ya rubuta. Wadda za ta zo bana ban san halinta ba." Na fito kaina ya fi nauyi fiye da yadda na shiga. Na kira Amm Sale, lokacin ya daina aiki, idonsa ya yi rauni. Ya saurara har na gama. Ya ce, "La tidakhkhilha. Kada ka shigar da ita. Rashin zuwa ba a rubuta shi."

Sai na tunkari Abu Nayif a majalisarsa. Na jira baƙi suka ragu, na durƙusa kusa da shi na yi masa bayani a hankali. Na ce a bar wannan gasar ta wuce, gashi zai tsiro, wata gasar na nan tafe.

Ya ce, "Babana ba shi da wata gasar. Likitoci sun gaya mini. Ya ce yana so ya gan ta a fili, kuma zai gan ta."

"Allah ya ja kwana, in aka rubuta, Risha ta gama har abada."

"Wa zai duba ƙafa? Fuska ake kallo."

"Za a duba. Hannu ake sawa a ɗaga kowace ƙafa."

"To ni in je in ce wa tsoho lallensa ya ɓata kare? Kai za ka gaya masa?" Bai jira amsata ba. Ya ce, "Ka shigar da ita, Haruna. In ba za ka iya ba, akwai masu iyawa. Iƙamarka ma ta kusa sabuntawa, ko?"

Bai ɗaga murya ba, amma na ji saƙon. Kwanakin da suka rage na yi su ne cikin fargaba. Ina taje mata kunne ina kallon ƙafafun, ina jin tsoro irin wanda ban taɓa ji a kan dabba ba. In na shiga aka kore ta, na kashe mata suna da hannuna. In na ƙi, wani zai ja ta, wanda bai damu ba, a kore ta duk da haka.

Ranar gasa zauren ya cika, sanyin na'ura kamar cikin firji, amma rigata ta jiƙe. An shimfiɗa koren kafet a fili. A kan koren nan jan ƙafar Risha sai ya ƙara fitowa, tun daga ƙofa ake nunawa. An ajiye Shayib a keken marasa lafiya a bakin igiyar da ta kewaye fili, an lulluɓe masa gwiwa da bargo, Abu Nayif da baƙinsa suna tsaye a bayansa. Alƙaliyar wata Baturiya ce mai furfura, da tabarau rataye a wuya.

Aka kira rukuninmu muka shiga. Yadda ake yi, da farko duk karnukan za su zagaya fili tare sau ɗaya, kafin a jera su a fara duba su ɗaya bayan ɗaya. Ta ba da hannu muka tashi. Ya salam! Risha ba ta taɓa gudu kamar ranar ba. Igiyar a hannuna kamar babu kowa a ƙarshenta. Da muka zo daidai keken Shayib na ɗan sassauta don ya gan ta sosai. Na ji muryarsa, siririya, yana kiran irin kiran da suke yi wa kare a farauta. Ta motsa kunne amma ba ta karya taku ba.

Muka jeru. Alƙaliyar ta fara daga wancan gefen. Ina kallonta ta buɗe bakin karen farko, ta shafa baya, ta durƙusa ta ɗaga ƙafa, ta sa tabarau, har tana buɗe tsakanin yatsu. Na gaba ma haka. Wannan ba mai kawar da kai ba ce, ko kuwa ita ce? Ban sani ba. Muddin hannunta bai taɓa Risha ba, babu abin da za a rubuta sai abin da na roƙa. Da ya taɓa, magana ta fita daga hannuna.

Saura kare ɗaya tsakaninmu na ɗaga hannu. Mai kula da fili ya matso. Na ce ina neman izinin fita da karyata. Ya kalle ni kamar bai ji ba, na maimaita. Ya je ya raɗa mata. Ta miƙe ta juyo, ta dubi Risha tun daga kai, idonta ya sauka a kan ƙafafun ya daɗe a nan. Sannan ta gyaɗa kai ta nuna ƙofa da tafin hannu. Sallama ce, bisa roƙon mai ja.

Na fito da ita ta gaban mutane, zauren ya ɗauki ƙus-ƙus. Na kai ta wajen keken. Shayib ya miƙa hannu, ta ɗora masa ƙafa a kan bargo. Ya shafa ya ce, "Ka ga yadda ya kama? Duk cikinsu babu mai irin nata." Ya ɗago ya tambaye ni, "An gama ke nan?" Na ce, "An gama, ya ammi." Ya ce alhamdu lillah, ya gani. Abu Nayif ya tura keken mahaifinsa zuwa waje. Sai da aka sa tsohon a mota ya juyo ya miƙo hannu. Ya ce, "Ba ni igiyar." Na ba shi.

Bai yi mini mugunta ta ƙarshe ba, ya yarda aka mayar da kafalata wani wuri. Wurin da na samu ɗakin ajiyar kaya ne a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni, ɗaukar kwali daga safe har la'asar, da furfurata. Bayana ya riƙe, hannun da ya saba da siririyar igiya ya yi kanta. Masu karnuka suka daina ɗaukar wayata, an ce ni ne mai fitar da kare da kansa a gaban baƙin maigida. Abin da ya fi cina shi ne maganar mutane. Wani ya ce Baturiyar nan ta sha yin alƙalanci a ƙasashen Larabawa, ta san lalle sarai, da na tsaya da Risha ta ci. Wani ya rantse ta taɓa korar kare a kan abin da bai kai wannan ba. Har yanzu ban san wanne ne gaskiya ba, kuma ba zan sani ba. Daga baya dai na koma sana'ar da karnukan wasu mutane, a hankali, kamar sabon shiga.

Shayib ya rasu a cikin wannan shekarar, Allah ya jiƙansa. Da wata gasar ta zagayo ina nan dai ina ɗaukar kwali, sai na nemi hutun yini na sayi tikiti kamar kowa. Na ce in gan ta kawai. Na tsaya can baya cikin 'yan kallo. Ga ta ta shigo a hannun wani ɗan Sham, ƙafafunta farare tas, sunanta babu tabo. Ya iya ja, ba laifi. Ya tsayar da ita a layi, alƙali yana matsowa.

Sai na ga hancinta ya ɗaga. Ya yi ɗan rawa, kanta ya fara juyowa wajena, jelarta ta motsa. Ɗan Sham ya gyara mata kai, ta sake juyowa. Akwai wata doka da ban gaya muku ba: in wani a wajen igiya ya ja hankalin kare, ko da murya ko da tsayuwarsa kawai, ana ɗauka taimako ne daga waje, a fitar da karen. Na ga mai kula da fili ya bi inda take kallo da ido, yana neman ko wane ne. Na sunkuyar da kai, na kutsa ta bayan wasu mata masu abaya, na bi bango har ƙofa ban waiga ba.

Waje rana tana dukan kwalta. Na lura da inda iska ke kaɗawa, na zagaya can ƙarshen wurin ajiye motoci inda ba za ta kai mata warina ba, na raɓe a bayan wata motar kaya. A nan nake tsaye, tikitina a hannu, lokacin da lasifika ta kira sunanta, ita ce ta ɗaya.